OGZILARI BA YA MUTUWA, MU NE MUKE KASHE SHI

Ina gaida 'yan uwa mazauna Kurmi baki ɗaya, na Shagamu da na Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, da ma duk inda neman halak ya kai mutum. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da ruwan sama? Allah Ya ba mu sa'a, amin.

Yau ina so ne in yi magana a kan wani ƙarfe da ke ƙarƙashin motocinmu na a-kori-kura, wanda kullum muna zaune a kansa amma da yawanmu ba mu taɓa durƙusawa mun leƙa shi ba. Shi ne akwatin nan da ke bayan giya, wanda makanikai ke kira ogzilari, wasu kuma su ce taransifa. Ni ba makanike ba ne, ɗan mai goro ne, a Sabon Shagamu na tashi, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. To amma abin da ya same mu a gidanmu ya sa na zauna na koyi abin nan dole, kuma ina ganin in na yi shiru ban kyauta ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ogzilari yana cikin kayan mota mafi ƙarko, ba kasafai yake lalacewa don kansa ba, mu ne muke kashe shi da hannunmu, sannan mu koma muna zagin direba ko makanike ko mai sayar da kayan gyara.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Baba yana da Hilux ƙirar 2010, mai shan fetur, wadda ya saya ta hannu. Da ita ake shiga ƙauyukan da ke bayan Ore a ɗauko goro a fito da shi titi. Duk wanda ya san harkar goro ya san cewa kakarsa tana kamawa ne tun ruwa bai ɗauke ba, wato wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da hanyoyin gonakin nan suke komawa kamar kunun kanwa. Ba don ogzilari ba, ba mai shiga wuraren nan.

A watan Oktoba na 2024 direbanmu ya kwanta zazzaɓi, sai Baba ya ce in je ni da yaron mota. Na sa ogzilari a cikin laka kamar yadda na saba ganin ana yi, muka yi lodi, muka fito lafiya. Da muka hau kwalta sai na manta ban cire ba. Fitilar da ke nuna yana ciki kuwa, akwai wata takardar haraji da muke soke wa a gaban mita, ita ta rufe ta. Haka na taho tun daga Ore har Shagamu, tafiyar fiye da kilomita ɗari, da kaya niƙi-niƙi. Na ji sitiyari ya yi nauyi, na ji tayoyi suna kuka a kwana, amma na ce nauyin kaya ne. Sai da na iso gida na lura. Na ja ƙaramin sandan giyar ya ƙi fita, na sa ƙafa na tokare shi da ƙarfi, ya fita da wata ƙara kamar an fasa dutse. Na waiwaya ban ga kowa ba, na ja bakina na yi shiru.

Bayan mako biyu direba ya warke ya koma daji. Yana cikin hawan wani tudu mai santsi, mota cike da goro, sai ƙarƙashinta ya fara ƙas-ƙas-ƙas, tayoyin gaba suka daina ja, ta zame ta zauna a rami. Kwana biyu suka yi a wurin kafin a samu tarakta ta jawo su. Babbar motar da za ta kai kayan Kano ta gaji da jira ta tafi, goron kuma ya sha zafi a cikin huhu, wani ya ɓaci. Ran Baba ya ɓaci ƙwarai, ya ce wa direba ya ajiye makulli. Mutumin nan shekararsa tara yana yi mana aiki, yana da mata da 'ya'ya biyar, Kawu muke ce masa duk da ba mu haɗa jini ba. Bai ce komai ba, ya ajiye ya tafi.

Washegari aka sauke akwatin a garejin wani dattijo Bayarabe. Da ya kwance ƙusar zubar da mai, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, kuma kalarsa kamar koko. Ya ɗago sarƙar ciki ya nuna wa Baba yadda ta saki, ya ce abu biyu ne suka taru: an daɗe rabon akwatin da mai, sannan akwai wanda ya yi doguwar tafiya a kwalta da ogzilari a ciki. Ya ce direban da ya shekara tara a daji ba zai yi wannan ba.

Wallahi daren nan ban iya cin abinci ba. Bayan sallar isha'i na samu Baba na ce, "Baba, ni ne. Ranar da na je Ore ne." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Kai ka yi na kwana ɗaya, ni na yi na shekara huɗu, tunda ban taɓa cewa a duba man ba. Ɗauki makullin nan ka kai masa gida, ka ba shi haƙuri da bakinka." Na je. Kawu ya karɓa ya ce, "Ba komai ɗana, amma gobe ka zo da tsohuwar riga, za ka shiga ƙarƙashin mota." Daga nan karatuna ya fara.

MENE NE AIKIN AKWATIN NAN?

Ƙarfin inji yana shiga giya, daga giya sai ya shiga wannan akwati, shi kuma ya raba shi. Furofela ɗaya ta tafi baya, ɗaya ta tafi gaba. A Hilux za ka ga an rubuta H2 da H4 da L4. A H2 tayoyin baya ne kaɗai ke tura mota, ita ce ta tafiyar yau da kullum. A H4 an ɗaure gaba da baya wuri ɗaya suna juyawa tare, ita ce ta laka da yashi da tsakuwa. L4 kuma ita ce giyar ƙarfi, tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, don hawan tudu da kaya ko fita daga rami.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ko da ba ka taɓa sa ogzilari ba tunda ka sayi motar, akwatin nan yana aiki kullum, domin duk ƙarfin da ke zuwa tayoyin baya ta cikinsa yake bi. Saboda haka masu cewa "ai ni a gari nake yawo, ba ruwana da shi" sun yi kuskure. Abu na biyu, mansa daban yake. Ba ya shan baƙin man inji, kuma ba ɗaki ɗaya suke da giya ba. A irin tamu man da yake ci wajen lita ɗaya ne kacal. Lita ɗaya jama'a! Kuɗinta bai kai kwatan abin da muke zubawa a tanki sau ɗaya ba.

Tun 1979 kamfanin Toyota ya fara fitar da Hilux mai jan ƙafa huɗu. Na farkon haƙoran ƙarfe ne zalla a cikin akwatinsu, na baya kuma aka koma sarƙa mai faɗi, wadda ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta da ƙara. Duka biyun suna iya kai tsawon ran motar in an ba su haƙƙinsu.

HANYOYIN DA MUKE KASHE SHI

Na ɗaya, tafiya a busasshiyar kwalta da H4, wato laifina. Dalilin shi ne, in mota za ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. A cikin laka ba matsala, taya ɗaya zai ɗan zame a huta. A kwalta kuwa ba wurin zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa kamar ana matse wanki, nauyin duka ya koma kan sarƙa da haƙora. Shi ya sa sandan ke ƙin fita. Maganinsa ba tokari da ƙafa ba ne. Ka tsaya, ka miƙe sitiyari, ka yi baya kaɗan, ko ka sauka gefen titi inda akwai ƙasa, za ka ga ya fita salin-alin.

Na biyu, rashin duba mai. Muna canza baƙin mai a kan lokaci saboda akwai sandan da ake zarowa a gani. Shi kuwa wannan sai an kwanta a ƙasa, don haka ba mai tunawa. Robar da ke bakin furofela tana tsufa ta fara yoyo kaɗan-kaɗan, ƙura ta rufe wurin, shekara biyu sai akwati ya bushe. Dubawar kuwa ba ta fi minti goma ba. Ƙusa biyu ce, ta sama ta zubawa, ta ƙasa ta zubarwa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kwance ta sama, a sa yatsa. In mai ya kawo bakin ramin, lafiya. Kuma in za a canza, a fara kwance ta sama tukuna, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar ta sama ta cije, ka rasa ta inda za ka zuba sabo. Ga mai shiga daji irinmu, kada a wuce kilomita 40,000 ba a canza ba.

Na uku, ruwa. Wannan shi ne ya fi damun mu mazauna Kudu, domin can gida wata uku ko huɗu ake ruwa, nan kuwa fiye da rabin shekara. Akwatin yana da ɗan hanci a samansa da yake shaƙar iska. In ya yi zafi ka tsunduma shi cikin rafi, sai iskar ciki ta tsuke ya zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta robar da ta gaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa da mai in sun haɗu su ne suke zama kokon nan da muka gani, shi kuma ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, tsatsa ma yake kawowa. Duk ranar da ruwa ya shanye tayoyinka, ko a daji ko a ambaliyar Ikko, ka duba man a makon nan, kada ka jira lissafin kilomita.

Na huɗu, tayoyi kala-kala. Mu 'yan kasuwa mun iya wannan: biyu sababbi a gaba, biyu 'yan Beljiyam a baya, wani lokaci ma lambarsu ba ɗaya ba. In tayoyin gaba sun fi na baya girma, ko a miƙaƙƙiyar hanya ce ba za su juya daidai ba, kuma da zarar an sa H4 akwatin ne zai biya bambancin. Tayoyi huɗun su zama lamba ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa da juna, iska kuma daidai.

Na biyar, zuba man da aka ga dama. Irin tamu man giya take sha mai lamba 75W-90. Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2015, masu maɓallin murɗawa a madadin sanda, nasu ya fi ruwa-ruwa, 75W ne. Wasu motocin kuma, kamar Nissan Navara da Ford Ranger, akwai waɗanda jan man giyar otomatik ake zuba wa akwatinsu. Saboda haka ba a cewa "mai ai mai ne". A duba littafin motar. Wanda kuma ya bari aka ɗura masa kwandam don araha, to ya sani araha ba ta ado.

Na shida, sa shi ba a kan ƙa'ida ba. Kada ka bari sai ka kafe, tayoyin baya suna wulwulawa, sannan ka fizgo sanda. Tun kana hango lakar za ka sa H4. In kuwa ka riga ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi su tsaya, sannan ka sa. L4 kuma sai mota ta tsaya cak an taka kuloci, in otomatik ce a mayar da giya N. Tsofaffin da ke da makulli a cibiyar tayoyin gaba, a tuna a murɗa duka biyun, ba ɗaya ba.

Na bakwai, wanda zai ba mutane mamaki, shi ne rashin amfani da shi. Littafin Toyota da kansa ya ce a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba. A samu hanyar ƙasa a yi. Wanda ya ajiye nasa tun Disamba bai taɓa ba sai ranar da ruwa ya tare shi a Yuni, kada ya yi mamaki in ya ƙi shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Na san wani zai ce, kai yaro, kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, mai mota da ƙyar yake fitar da kuɗin mai da na kan hanya, ina ya ga na wani man ogzilari? Gaskiya ne abubuwa sun yi tsada, mu ma a jikinmu muke ji. To amma tsadar ce ma hujjata. Lokacin da kaya ke da araha kana iya sakaci ka sayi wani. Yanzu da kayan gyara suke bin dala, abin da ke hannunka shi ne dukiyarka. Abin da muka kashe a kan sarƙa da boris da robobi da tarakta, ban da asarar goro, da ya saya mana man akwatin nan har motar ta tsufa.

Wani kuma zai ce makanikai ne macuta, kuma jabun mai ya cika kasuwa. Akwai macuta, ban musa ba, a kowace sana'a akwai su, har a cikin masu goro. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke miƙa makulli mu tafi shago, ba mu tsaya mun ga abin da aka zuba ba. Ka sayi manka da kanka a wurin da ka yarda da shi, ka duba murfin ba a fasa ba, ka tsaya a zuba a gabanka. Kuma ina roƙonmu mu daina cewa "ai don ni Bahaushe ne ya cuce ni" a duk lokacin da gyara ya ƙi. Dattijon da ya wanke Kawu daga zargi ba Bahaushe ba ne, kuma da ya so da ya yi shiru ya karɓi kuɗinsa.

Akwai kuma masu dabarar cewa a cire furofelar gaba kawai a huta, wai har mai za a rage sha. In a daji abin ya same ka, kana neman yadda za ka lallaɓa ka iso gida, wannan uzuri ne. Amma a mayar da shi gyara na dindindin, ni ban yarda ba. Ka biya kuɗin mota mai ƙafa huɗu, ka mayar da ita mai ƙafa biyu, kana ɗauke da nauyin ƙarfen banza. Mafi muni shi ne a sayar wa ɗan uwa ita a haka ba a gaya masa ba. Don haka mai sayen ta hannu, ka durƙusa ka ga furofelar gaba da idonka, ka kai ta hanyar ƙasa ka gwada H4 da L4, ka sa a buɗe ƙusar mai ka gani kafin ka biya.

In kuma ya zama dole sai an sayi akwati ɗan Beljiyam, ko a Ladipo ne ko Agodi Gate ko Mgbuka ta Obosi, a tafi da makanike da tsohon akwatin a gwada su gefe da gefe, domin ba kowane na Hilux ke hawa kowace Hilux ba. A juya shi da hannu a ji, a duba ragowar man ciki ko akwai garin ƙarfe, a kuma yi magana a kan kwanakin gwaji tun kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Game da mai sanda da mai maɓalli kuwa, ni dai ga aikin daji na fi son mai sanda. Mai maɓalli yana da ɗan injin lantarki a jikin akwatin da wayoyi, su kuwa ba sa shiri da ruwa da laka, kuma in sun ƙi a ƙauye ba mai taɓa maka. Amma wannan zaɓi ne kawai. Mai maɓallin da ake kula da shi ya fi mai sandan da aka yi wa irin riƙon da muka yi wa namu.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MU?

Jama'a, lalacewar mota a gida daban, a baƙon wuri daban. In ka kafe tsakanin Wudil da Gaya, kafin awa ɗaya ka ga wanda ya san kakanka. In ka kafe a dajin Ondo da dare, da kayan miliyoyi, ba ka jin yaren mutanen sosai, waya ba sabis, to kai da yaron motarka kuna hannun Allah ne kawai. Sannan yawancin kayan da muke ɗauka ba sa jira: goro, tumatir, albasa, dabbobi. Sau da yawa ma kuɗin ba namu ba ne, amanar mutane ce daga gida. Mutumin da yake cikin irin wannan hali bai kamata a ce ya fi kowa sakaci da ƙarƙashin motarsa ba. Amma sai ka ga mun kashe kuɗi a kan fenti da fitilu da rubutun bayan mota, abin da zai fitar da mu daga rami kuwa ko oho.

Shawarata ga iyayenmu masu motoci ita ce, a sayi ɗan littafi na naira kaɗan a ajiye a mota, a riƙa rubuta ranar da aka canza kowane mai da lambar mita. In direba ya ce yana jin wata ƙara, a saurare shi, kada a ce yana neman na cefane ne. Da yawa direbobi suna ɓoye matsala ne saboda tsoron a ce a albashinsu za a cire. Kuma kafin a sallami mutum, a bari a buɗe ƙarfen a ga abin da ya faɗa.

Ga 'yan uwana samari 'ya'yan masu kaya, waɗanda ake ba mu makulli saboda mu 'ya'yan gida ne ba don mun fi iyawa ba, iya murza sitiyari ba shi ne iya mota ba. Ka zauna da direban gidanku ka tambaye shi, ba faɗuwa ba ce. Zai yi kyau ma a ce a kowace Sabo da kowane zango an samu yaranmu biyu ko uku da aka kai su koyon gyaran giya da ogzilari, yadda muke da masu facin taya da masu walda. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri. Da na yi magana a daren da na dawo daga Ore, da an buɗe akwatin an ga ba mai, da Kawu bai kwana biyu a daji ba, da kuma bai koma gida ya gaya wa iyalinsa an kore shi ba. Wannan ya fi asarar goron yi mini ciwo har yau.

Yanzu dai duk Asabar ɗin farkon wata, ni da Kawu muna shimfiɗa buhu mu shiga ƙarƙashin motar, mu duba mai, mu matsa wa furofela giris, sannan mu ɗan zaga hanyar ƙasa da H4. Takardar harajin nan kuma an canza mata wuri.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.